Gindin bango: yadda nake rubuta takardar manufa ta neman digiri na biyu a zanen gine-gine

18 ga Agusta, 2024, Birnin Kebbi

Zan riƙa ajiye bayanin yadda wannan aiki ke tafiya saboda ƙannenmu da ke karatun zanen gine-gine a nan Kebbi, waɗanda ba su da wanda za su tambaya idan lokacinsu ya zo.

Ina da digirin farko, na yi bautar ƙasa, kuma na cika shekara biyu ina aiki a wani ƙaramin ofishin zane a nan gari. A tsarinmu na Najeriya digirin farko na shekara huɗu bai isa a kira ka mai zanen gini da hatimi ba. Sai ka ƙara digiri na biyu, ka yi aiki ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista, ka ci jarrabawar ƙwarewa, sannan hukumar rajistar masu zanen gine-gine, ARCON, ta sa sunanka a littafinta. Don haka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda sashenta na wannan fanni ya fi kowanne daɗewa a ƙasar nan, tana cikin wuraren da zan nema. Akwai kuma wani kwas a Jamus cikin waɗanda hukumar tallafin karatu ta Jamus, DAAD, ke ɗaukar nauyi, wanda sharaɗin tallafinsa ya haɗa da shekara biyu na aiki bayan digiri, sai makarantu biyu a Amurka. Na so ƙwarai a ce zan iya neman Grenoble ta Faransa, inda cibiyar CRAterre take nazarin ginin ƙasa tun 1979, amma kwas ɗinsu na masu digiri na biyu ne, kuma da Faransanci ake yin sa. Wannan sai gaba, idan Allah ya kai mu.

Na wajen duk kusan abu ɗaya suke so: kundin zane-zane, takardar sakamako, shaidar malamai, sakamakon jarrabawar Turanci, da takardar manufa, wato rubutun da mai nema ke bayyana abin da yake son ya yi nazari a kai da dalilinsa. Sauran duk abin da ya riga ya wuce ne ake tattarawa. Takardar manufa ce kaɗai ba ta wanzu ba sai na zauna na yi ta.

25 ga Agusta

An turo mini samfurori da yawa a zaurukan WhatsApp na masu neman tallafin karatu. Na karanta su da kyau. Kusan duk da yarinta suke farawa: tun ina ƙarami nake son zane, na tashi ina gina gidaje da kwali. Daga nan sai yabon makarantar, cewa ta shahara a duniya kuma malamanta gwanaye ne. Sai rufewa da alkawarin dawowa a gina ƙasa. Idan ka goge sunan mai takardar ka sa na wani, babu jimla ɗaya da za ta zama ƙarya. Abin da nake gudu ke nan. Malamin da zai karanta takardu ɗaruruwa cikin 'yan makonni ya san makarantarsa ta shahara. Abin da bai sani ba shi ne wace tambaya ce ta hana ni barci, kuma me na riga na yi a kanta da hannuna.

Akwai masu rubuta wa mutane a biya su. Ban je ba. Wanda bai taɓa tsayawa a gidan da ruwa ya ci ba, ba zai iya rubuta abin da nake son faɗa ba.

7 ga Satumba, Argungu

Na zo wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi rayuwarsa yana ginin ƙasa kafin bulo ya karɓe kasuwa. Gidansa na bakin fadama. A ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar fadamun Kebbi, ruwa ya kwana a tsakar gidan, kuma ɗakuna biyu sun zube bayan ruwan ya fara janyewa. Tun a lokacin abin ya tsaya mini a rai: rufin bai yi yoyo ba, saman bangon a bushe yake, amma ɗakin ya durƙusa.

Na ce, "Kawu, ina son ka nuna mini inda gini ke fara mutuwa."

Bai ce komai ba, ya ja ni bayan zaure, ya tsuguna, ya danna babban yatsansa a gindin bangon. Yatsan ya shige. Ya ɗaga hannu zuwa daidai ƙirjina ya sake dannawa, wurin ƙam kamar ba bango ɗaya ba. Tsakanin biyun akwai wani layi mai duhu da ya bi bangon a tsayin gwiwa, samansa kuma fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Ya ce, "Ɗana, ruwan bisa ba shi ka kada gina ba. Ruwan ƙasa na."

Abin da ya faɗa a jimla ɗaya shi ne abin da muka karanta a aji da lissafi. Ƙasar gini na da ƙananan ƙofofi, danshi yana hawa ta cikinsu daga ƙasa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Yumɓu shi ne ke riƙe yashi da tsakuwar da ke cikin tubali, kuma idan ya jiƙe sai riƙon ya saki. Wurin da ya fi jiƙa kuwa shi ne wurin da ke ɗauke da nauyin bangon da na rufi gaba ɗaya. Farin da ke sama da layin gishiri ne da ruwan ya ɗauko, ya bar shi a inda ya bushe, yana marmashe fuskar bangon sannu a hankali. Ƙari a kan haka, ruwan da ke zubowa daga indararo ko bakin kwano yana fantsama ya zaizaye gindin ta waje.

Daga nan ya kai ni bangon maƙwabcinsa da aka yi wa filasta da siminti don kariya. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, sai ƙara ta fito irin ta wofi. Simintin ya rabu da ƙasar tuni, yana tsaye shi kaɗai. Siminti ba ya barin danshi ya fita, kuma ba ya kumbura ya tsuke tare da ƙasa, sai ya ɓoye ɓarnar har ranar da zai faɗo falle guda. Yaɓen da na da, makuba daga ɓawon ɗorawa ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima, yana kore ruwan sama amma yana barin bango ya sha iska. Sai dai ba a yi shi don ruwan da zai kwana a gindin bango ba.

Na auna kaurin bangayen, na ɗauki hotuna da ma'auni a jiki, na zana yankan bangon daga tushe har azara. Na ɗebo ƙasa kala biyu a leda: baƙar lakar fadama da jar ƙasar tudu da ya ce daga nan suke ɗibar ta gini.

15 ga Satumba

Na gwada ƙasar a kwalba. Kashi ɗaya cikin uku ƙasa, sauran ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai a ajiye. Yashi yana kwantawa cikin minti ɗaya, lallausan turɓaya bayan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana. Ta fadama kusan duk yumɓu ce, kuma curin da na shanya ya tsage gida-gida. Ta tudu ta fi yashi, ta bushe lafiya. Wannan ba gwajin ɗakin bincike ba ne, kuma a takardar haka zan kira shi: gwajin fili.

Yau na samu tambayata a jimla ɗaya. Wane irin tushe da gindin bango ne manomin fadama zai iya biya, da kayan da ke kusa da shi, wanda zai riƙe ginin ƙasa idan ruwa ya yi kwanaki a tsakar gida? Sakin layi na farko zai fara da bangon Kawu kai tsaye: shekara, wuri, abin da ya faɗi, abin da ya tsaya, da wannan tambayar. Babu yarinta, babu kwali.

29 ga Satumba

Na aika daftarin takardar ga Malamin da ya duba aikina na ƙarshe a jami'a. Ya kira ni da daddare, ya ce in ɗauko biro.

Abu na farko da ya tambaya: "Wa ya riga ka yin wannan aikin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na ambaci Francis Kéré da Hassan Fathy." Dukansu masu zanen gini ne da suka yi suna a ginin ƙasa. Malam ya ce ya gani, kuma duk ɗan Afirka da ke neman gurbi yana ambatonsu. Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001, ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022, babu wanda ke musu. Amma me aikinsa ya ce game da ambaliya a Argungu? Idan babu, sunansa ado ne kawai. Ya ce in zaɓi aiki ɗaya da ya shafe ni, in faɗi abin da ya warware da abin da ya bari.

Na zaɓi Dandaji, a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma a 2018. Sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Tsohon kuwa aikin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu dangin tamu. Aikin ya nuna cewa ginin ƙasa na iya fitowa da martabar da mutanen gari za su yi alfahari da ita. Abin da bai amsa mini ba shi ne ruwan da ke tsayawa, domin matsalata ta bakin gulbi ce. Daga nan nawa aikin zai tashi, kuma haka na rubuta.

Abu na biyu ya fi nauyi. Ya ce sakin layin da na yi kan dalilin zaɓen makaranta yabo ne, kuma su ba sarakuna ba ne da za a yi musu kirari. Su abokan aiki suke nema. In buɗe shafin kowace makaranta in karanta jerin darussa, in ga wane ɗakin gwaji suke da shi, wane malami ke aiki kan danshi a jikin gini ko kan matsugunan da ruwa ke ci, in karanta aƙalla rubutunsa ɗaya. Sannan in faɗi abin da nake buƙata a wurinsu wanda ba ni da shi a nan: na'urar auna ƙarfin tubali a jiƙe da a bushe, hanyar auna hawan danshi, da wanda zai koya mini haɗa taswirar ambaliya da tsarin unguwa. Ya ce idan zan iya ɗaukar sakin layin in manna wa wata makarantar ba tare da gyara ba, to ban rubuta shi ba tukuna.

Kafin ya ajiye waya ya tuna mini da Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda yanzu yake cikin jihar Sakkwato, kuma yana jerin wuraren tarihi da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007. Ganuwarsa da duwatsu aka yi. Ya ce kada in rubuta kamar gindin bango na dutse baƙon abu ne da zan koyo daga Turai, alhali Kabawa sun yi gini da dutse shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Jimla ɗaya na ba shi, amma ta gyara tsayuwar takardar duka.

12 ga Oktoba

Ta Jamus ta tafi. Ita ce mafi gajarta, don haka sai da na datse sosai. Na cire maganar cewa siminti na jawo kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin carbon da ke ɗumama duniya. Gaskiya ne, amma masu karantawa sun fi ni saninsa, kuma ba shi ya kai ni Argungu ba. Na yi jarrabawar Turanci ta IELTS a makon da ya wuce.

27 ga Oktoba

Akwai sakin layi guda da na fi daɗewa a kansa, kuma shi nake ganin zai bambanta takardar da ta masu son ginin ƙasa daga nesa. Dole in faɗi dalilin da ya sa mutanenmu ke barin sa, kuma in faɗe shi da girmamawa.

Duk wanda ya sami kuɗin shinkafa a Argungu ko Jega ko Bunza, bulo da kwano yake saya. Ba jahilci ba ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, kuma samarin da ke yin gayyar sun tafi birni ko suna kan babur. Azara, wadda daga giginya ake fasa ta, ta yi wuya ta yi tsada, kuma ba ta tsallake fili mai faɗi sai da baka ko ginshiƙi, shi ya sa rufin ɗaurin guga ke son gwanin magini. Gwanayen kuwa suna tsufa. Sannan mutum ya ga ɗakin ƙasa ya zube a ambaliya, na bulo ya tsaya ko da ya tsage. Wa zai zarge shi? Ta ɗaya ɓangaren, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da dama, kuma ɗakin bulo mai kwano ba silin a watan Afrilu a Kebbi azaba ne. Tsohon gidan sarki na Argungu, wanda aka gina a 1831, sarakuna suka zauna ciki har 1942, ya zama gidan tarihi na Kanta a 1958, yana nan tsaye. Gidan sarki ba ya rasa masu kula da shi. Tambayata ta gidan talaka ce.

Saboda haka na rubuta cewa ba na neman mayar da kowa ginin kakanni. Ina neman a kashe ɗan kuɗin da ake da shi a inda ya fi amfani: dakali da gindin bango na dutse, ko ƙonannen tubali, ko tubalin matsi da aka sa wa siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ko farar ƙasa, har zuwa sama da inda ruwa ke kaiwa, da shimfiɗar da ke tare danshi a kansa, sauran bangon kuma a ci gaba da ƙasa. Dutsen farar ƙasa na nan kusa da mu, shi ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Ban ce na san wanne zai fi ba. Na ce su nake son gwadawa, na kuma faɗi yadda zan gwada.

Na ƙara jimla biyu kan Yawuri. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane sama da dubu 40, cikinsu har da Gungawa masu noman albasa a tsibiran kogin Kwara, aka gina musu sababbin ƙauyuka na siminti bisa zanen masu ilimin gini. Jiharmu ta riga ta ga abin da ke faruwa idan ruwa ya tashi mutane kuma wani ya zana musu inda za su zauna. Ina son in je in ga abin da mazauna suka ƙara da abin da suka rushe a gidajen nan bayan fiye da shekara 50, domin wannan shi ne hukuncinsu a kan zanen.

10 ga Nuwamba

Aikin kundin zane. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina: duk abin da takardar ta ce na yi, mai karatu ya iya buɗe kundin ya gan shi. Yankan bangon Kawu ya koma shafi na farko, da hoton layin danshi da na kwalaben gwaji. Babban kanti mai gilashi da na zana a aji uku, wanda ya fi kowane zane sheƙi, na fitar da shi, don ba ya magana da tambayar.

A ayyukan ofis, mai gidana ya ba ni izini in sa gidaje biyu. A ƙarƙashin kowanne na rubuta ainihin rabona: ni na auna fili, ni na zana tushe da magudanar ruwa, ni na tsaya kan birkiloli har lintar, tsarin gidan kuwa nasa ne. An tarbiyyantar da mu kada mutum ya riƙa cewa ni na yi, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a nan, idan ka ce mun yi a ko'ina, mai karatu ba zai san me za ka iya ba, idan kuma ka ce na yi a kan aikin mutum biyar, ka ci amana. Faɗin rabon kowa daidai ya fi duka biyun.

1 ga Disamba

Wasu makarantun Amurka, kamar Berkeley, takarda biyu suke so: ta manufa, da ta tarihin rayuwa. Ɗaya daga cikin nawa haka take. Wani abokina ya ce in cika ta biyun da talauci da rashin wuta da matsalar tsaro, wai abin da ke taɓa zuciyarsu ke nan. Na karanta wa Yaya Babba daftarin da daddare bayan isha'i, na faɗa mata shawarar. Ta ce, "Kai, ba bara za ka je ba. Gidanmu ba mu kwana da yunwa ba, kada ka rubuta mun kwana." Na ce, "To Yaya, me zan ce?" Ta ce in faɗi wanda ya biya kuɗin makaranta da yadda aka biya, in faɗi cewa ni ne na farko a gidan da ya yi wannan karatu, in tsaya nan.

Haka na yi. Shinkafar rani ta Baba ce ta biya, kuma a shekarar da ruwa ya ci gonar Yaya ce ta sayar da tumakinta. Na rubuta shi a fili ba tare da kuka ba. Garinmu wuri ne da ke da ilimin gini nasa da matsala tasa, kuma a haka nake son su san shi.

14 ga Disamba

Na karanta takardar da ƙarfi daga farko har ƙarshe, na gyara inda numfashi ya yanke. Wata malamar Turanci a unguwarmu ta duba nahawu, na roƙe ta kada ta taɓa jimlolin da ke maganar gini ko da sun yi mata tsauri. Malam da mai gidana sun tura shaidarsu. Na sake duba sunan kowace makaranta a cikin nata fayil, sannan na tura na Amurka biyun yau, kafin cunkoson ranar ƙarshe da kuma kafin intanet ya yi halinsa.

Saura Zariya idan sun buɗe fom. Amsar na waje ba za ta zo ba sai wajen Fabrairu ko Maris. Kafin nan mun shirya da Kawu za mu tayar da gajerun bangaye uku a bayan gidansa cikin watan Janairu, ɗaya da gindin dutse, ɗaya da ƙonannen tubali, ɗaya irin na da, don su bushe sosai kafin damina. Ya ce in zo da kuɗin dutse da na amalanke, tubalin ƙasa kuma nasa ne.